Mai Gini da Mai Gadi

Matakala ɗari biyu da sha bakwai
daga ƙofata zuwa titin tarago.
Shekara hamsin ina ƙirga su a Nagasaki,
in sauka da jaka, in hawo da kifi,
ba su taɓa ka da ni ba.
Katifa ce ta ci ni da yaƙi.
Na ɗaga ta zan shanya,
sai na ji ƙas a tsakiyar baya
kamar an taka busasshen kara.

Likita Iwanaga ta kara hoton da fitila.
Sa'ar jikata Kotone ce,
amma ba ta yi mini kwana-kwana ba.
Ta ce, Tomoe, gara ta daɗe a gidan nan.
Ƙashin baya biyu sun zauna,
na kwankwaso yana jiran rana.

Ta jera magunguna a takarda
kamar masu neman aiki.

Ga ƙwayar mako-mako:
da sassafe, ciki wayam, kofi cike da ruwa,
a zauna a miƙe rabin awa kamar 'yar makaranta.
Na ce ni da ƙwannafi ɗaki ɗaya muke kwana.
Ta ja layi.

Ga ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara.
Ta dubi sakamakon ƙodata, ta cije leɓe.

Ga allurar wata-wata mai saurin aiki.
Ta tambayi zuciyata,
na tuna daren bara,
ƙato huɗu suna saukowa da ni a gadon tafi-da-gidanka,
ƙirjina kamar an jefa masa anga.
Ta ja layi, wannan karon da ƙarfi.

Saura biyu.
Ɗaya mai gini ne: allura kullum a fatar ciki,
da hannuna,
shekara biyu, ba ƙari.
Ɗaya mai gadi ne: allura duk wata shida.

Na ce ba ni mai gadin, na tsani tsini.
Ta ce, gadin me zai yi? Kango?
In shi ya fara kama ƙofa,
mai gini zai zo ya tarar hannunsa a ɗaure.
Bari a yi gini tukuna.
Ranar da magini ya naɗe kayansa
mai gadi ya shigo, kada a bar tsakani,
don abin da aka ɗora zubewa yake in ba mai tsaro.
Kuma wannan mai gadin yana da hali:
ba a jinkirta masa albashi,
ba a sallamarsa sai wani ya karɓi sanda.
In kika manta da shi
gara za ta dawo da danginta.

Na tuna marigayi Seiji
da ya ƙare ƙuruciya yana haɗa cikin jiragen ruwa.
Ko miya zan ɗora sai ya ce,
ba a fenti kafin walda.
Na yi dariya, bayana ya rama.

Na ce, likita, shekarata tamanin da uku.
Wa nake ginawa?
Ba ta ce zan ga ɗari ba.
Ta ce, matakalarki.

Yanzu allurar tana firji,
tsakanin awara da ragowar kabeji.
Kotone ta kewaye ranaku a kalanda da jan biro,
har da ranar likitan haƙori
kafin zuwan mai gadi.
Cikina ya yi ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo.

Yau na sauka sayen madara.
A dawowa na tsaya a ta ɗari da arba'in,
inda kyanwar maƙwabta ke shan hantsi.
Can ƙasa ana haɗa wani jirgi,
haƙarƙarinsa a waje, ba fata, ba suna.
Na kama ƙarfen gefe.
Saura saba'in da bakwai.